Rawar Hajiya Turai da Dok Mai Baki Biyu

Hayaƙi ya fara fitowa ta bayan kwamfutar tun kafin Mardiyya ta gama cusa mata filas, ɗan abin da ake juye hoto a ciki. Siriri ne, mai warin ƙonanniyar roba. Allon ya yi fari, ya yi baƙi, wani abu ya yi ƙara a cikin akwatin kamar an taka ɓawon gyaɗa. Tana durƙushe tana lalubar soket sai ta ga inuwar mahaifiyarta a kanta, riƙe da buta, har ta karkata bakinta.

"Inna, kada ki zuba."

"Wuta ta, ɗiyata. Da ruwa aka kashe wuta tun zamanin annabawa."

Mardiyya ta fizge wayar daga bango da hannu ɗaya, ta tare bakin butar da ɗayan. Ruwan ya bi hannun rigarta har gwiwa. Hayaƙin ya yi ta raguwa, ya bar ɗakin da warin da ke kama maƙogwaro. A lokacin ne ta lura da abin da ba ya wurinsa. Sitabilaiza, akwatin da ke daidaita ƙarfin wuta kafin ta shiga kwamfuta, yana can bakin ƙofa, an ɗora masa faranti an shanya kuɓewa.

"Inna, wa ya cire wancan?"

"Ni. Gurnani shikai awa tsohon kare, ba ni jin abin da ni ka karantawa in ina walaha. Na haɗa miki wayar kai tsaye, ba ga ta nan ta kama ba?"

"Ta kama, Inna. Ta kama wuta."

Da aikin kowa ne a cikin wannan akwati, da Mardiyya ta zauna ta yi kukanta ta share hawaye. Amma aikin Hajiya Turai ne.

A duk faɗin Gummi, Mardiyya ce kaɗai mace mai kyamara. Maza masu ɗaukar biki iyakarsu ƙofar gida: ɗaurin aure, gaisawar manya, rabon goro. Ita ce ke wuce zaure ta shiga inda mata ke ajiye mayafi su saki jiki. Shekara huɗu ta yi tana lallashin magidantan gari kafin su yarda kyamara ta shiga gidajensu, kuma sharaɗin ɗaya ne: abin da ta ɗauka a ciki, idon namiji ba zai gan shi ba. Ranar da aka ce wani ya gani, ranar za a rufe mata kowace ƙofa daga nan har Bukkuyum.

Ita kuwa Hajiya Turai matar limamin unguwa ce, shugabar islamiyyar matan aure, wadda ta shafe shekara ashirin tana gaya wa mata cewa dariya ma tana da awo. Shekaranjiya, a kamun autarta Humaira, da aka kifa ƙwarya a ruwa aka fara kiɗa, sai Hajiya ta miƙe, ta cire hijabi ta miƙa wa ƙanwarta, ta ci ɗamara da gyale. Minti goma sha ɗaya ta yi tana juyi. Mardiyya ta san adadin domin ita ta tace hoton. Da aka gama, Hajiya ta ja ta bayan rumbu tana haki, ta ce, "Idon namiji in ya faɗa kan wanga abu, ko na jinjiri na, ni da ke sai gaban Allah. Amma kada ki yanke ko kaɗan."

Yau bayan la'asar Hajiya za ta zo da 'yan'uwanta su kalla su karɓa, domin gobe da safe za a kai amarya Anka, baƙi su watse. Memorin kyamara kuwa tun jiya Mardiyya ta goge shi ta ɗauki wani suna. Rawar Hajiya Turai ba ta ko'ina a duniya sai cikin akwatin nan mai hayaƙi.

Ta ɗauko sukundireba ta kwance murfin. A Gusau, inda ta koyi tace hoto, an nuna mata cikin kwamfuta sau biyu. Babban allon ciki ya ƙone ta gefe, baƙi ƙirin. Ta zare faifan ajiya daga mazauninsa, mai nauyi kamar rabin bulo, ta kai shi hanci ta sansana. Babu warin ƙuna. Tana da tsohuwar laftof mai tsagaggen gilashi a ƙarƙashin gado, amma wannan faifai ba zai shiga cikinta ba. Sai an samo masa gida na waje, wanda za a zaunar da shi a ciki a ja waya zuwa laftof. Ta naɗe shi da ɗankwalin da hannunta ya fara taɓawa, ta zura hijabi.

"Ki biya ki sawo min daddawa," in ji Inna.

Rumfar Nababa tana bakin kasuwa, tsakanin mai faci da mai sayar da buhunan taki. Cajin waya yake yi, yana sayar da ƙwan sola da kayan kwamfuta da yake ɗaukowa daga Sakkwato. Ɗan goggonta ne, wato taubashinta, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. A saman rumfar ya kafe wata ƙatuwar talabijin cikin kejin ƙarfe, tana fuskantar benci, inda marasa aikin yi ke wuni suna kallon kokawar Turawa.

"Bawana," in ji Mardiyya, "tashi ka yi aiki."

"Uwar ɗakina. Yau kuma wace baiwar Allah kika ɗauka tana cin shinkafa da hannu biyu?"

Ta warware ɗankwalin ta ajiye faifan a kan teburinsa, amma ba ta ɗage hannunta daga kansa ba. Ta ce kwamfutarta ta ƙone, gida take nema wa wannan, yanzu.

Nababa ya ji daɗi. Babu abin da yake so irin a tambaye shi abin da ya sani rabi. Ya jawo kwali ya fara fitarwa. Na farko wani ɗan kes ne na roba, baƙi, bai fi tafin hannu ba.

"Wanga shi ka tashe. Ga kyau, ga sauƙi, ya shiga jaka."

Ta ɗora shi a kan faifanta. Ko rabinsa bai rufe ba. "Na faifan laftof ne wannan."

"Sai mu cire murfin mu ɗaure da robar taya."

"Kai ma da robar taya aka ɗaure ka. Kawo wani."

Na biyu waya ce kawai, baki ɗaya na faifai, baki ɗaya na kwamfuta. Nababa ya ce ita ba ruwanta da gida, faifai ya zauna a fili ya sha iska. Mardiyya ta juya ta ta ga babu inda wuta za ta shiga daban. Ta tuna malaminta na Gusau yana cewa babban faifai ya fi ƙarfin ɗan abin da bakin kwamfuta ke bayarwa, sai ya yi ta ƙas-ƙas bai juya ba, har ya ji wa kansa ciwo. Ta mayar masa.

Na uku ne ya yi daidai. Kes na farin ƙarfe, mai kusoshi huɗu da 'yar fanka a baya, da adaftar wutarsa daban. Ta gwada bakin da idonta, ya dace. Ta buɗe jaka za ta biya.

"Tsaya," in ji Nababa. Ya nuna kwalin da ya rataya a jikin rumfa, inda ya rubuta da maka: Kaya ba ya fita sai an gwada. "Sa faifan ciki mu haɗa da tawa."

Ta bi wayar kwamfutarsa da ido. Ta hau bango, ta shiga kejin ƙarfe. Allon kwamfutar Nababa shi ne talabijin ɗin nan da ke kallon kasuwa.

"Ba a gwada wannan a nan. Gwada da wani faifan."

"Ba kayana ni ka gwadawa ba, faifanki ni ka gwadawa. Kwamfutarki ta ci wuta. Wa ya san ko shina da rai? Ki tai gida ki sa, ya ƙi tashi, gobe ki gaya wa Inna da goggo da duk dangi kes ɗin Nababa ya kashe miki aiki. An yi min haka sau uku. Yanzu sai gaban shaidu."

"Na yafe. In ya ƙi, ba zan ce komai ba."

"Ke? Ranar da anka haife ki kina magana."

Yana faɗa yana wasa da ɗankwalin da ta naɗo faifan, sai hannunsa ya tsaya. Shuɗi ne mai zanen ganye. Duk macen da ta je bikin gidan liman irinsa ta ɗaura.

"Wanga ba ankon bikin Humaira ba na?" Bai rage murya ba, Nababa bai taɓa rage murya ba. "Kamun gidan liman na cikin nan?"

Duk mutanen benci suka juyo. A talabijin wani ƙato yana maka wa wani kujera, babu mai kallonsa. Daga ƙarshen bencin wani dattijo mai jan rawani ya ajiye raken da yake sha ya gyara zama. Malam Abdussamad ne, ƙanen liman. Shekara talatin matar wansa tana kiransa malalaci a gaban jama'a, shi kuma bai taɓa samun abin mayarwa ba. Tun shekaranjiya matarsa ta dawo daga kamun tana dariya ita kaɗai, ta ƙi gaya masa dalili.

"Ka'idar rumfa ka'ida ta," in ji Malam Abdussamad cikin natsuwa. "A gwada. Mu shaidu na, don Allah za mu yi."

Mardiyya ta ja faifan jikinta. An kira azahar tun ɗazu. Wani mai irin waɗannan kaya sai Anka, kuma kafin ta je ta dawo Hajiya ta gama tsine mata. Idonta ya faɗa cikin kwalin, kan wani abu baƙi da Nababa bai fitar ba, mai faɗi kamar ƙaramin murhu, da ramuka biyu a samansa.

"Wancan fa?"

"Dok na. Ya fi ƙarfinki." Amma ya ɗauko, domin ba ya iya barin bayani ya wuce shi. Babu kusa, babu murfi, a tsaye ake cusa faifai kamar an dasa icce, babba ko ƙarami duk yana ɗauka. Yana da wutarsa, yana da wayar kwamfuta. Ramuka biyun kuma, in ka sa faifai biyu ka danne wannan maɓalli, sai ya share ɗaya tas, ya kwashe duk abin da ke ɗayan ya juye a ciki, shi kaɗai. "Ba ya buƙatar kwamfuta ma. Fitilun ga huɗu su ka gaya maka inda ya kai."

"Babu allo?"

"Babu."

"In faifan ya mutu?"

"Fitila ba ta motsi. Ja za ta nuna."

"To ga gwajinka. In fitila huɗu suka cika, faifaina na da rai, shaidunka sun gani, ni kuma na samu kwafi biyu. Dok nake so."

Nababa ya ce ya yarda. Daga benci aka yi gunaguni. Malam Abdussamad ya ce shi bai taɓa jin an yi shaida a kan fitila ba.

Sai faifai na biyu. Nababa ya tona ƙasan durowa ya fito da wani a cikin ledar burodi, girmansa ɗaya da nata, da ɗan rubutun maka a gefe da ya kusa gogewa.

"Na wane ne?"

"Nawa na yanzu. Wani baƙo ya bar shi tun kafin azumi, wai in duba mai. Bai dawo ba."

"Me ke ciki? Ka ce abin nan yana share wanda aka juye wa."

"Iska ad ciki. Na rantse da kabarin kakarmu."

"Kakarmu tana Duza da ranta."

"To da wanda za a haƙa mata."

Ba ta da lokacin da za ta tsaya bincike. Ta ce ya sa.

Nababa ya haɗa dok da wutar solarsa, ya karɓi faifanta da hannu biyu kamar jariri, ya cusa shi a ramin dama. Na ledar burodi ya sa a hagu.

"Me ya sa nawa a dama?"

"Shi ad da daraja. Da dama aka ci, da dama aka shiga masallaci, daga dama aka fara rabon goro. Daga dama za shi fara ya zuba wa hagu."

"Haka shike," in ji Malam Abdussamad. "Kowane alheri daga dama shika farawa. Wanga ko a littafi."

Bencin ya amsa da haka ne. Nababa ya ɗora yatsa a kan maɓallin ya danne. Sai an riƙe shi na ɗan lokaci kafin ya kama, ya ce, don kada yaro ya taɓa da wasa. Fitilun suka fara ƙyaftawa gaba ɗaya. Mardiyya tana kallon tsakanin ramukan biyu, inda ya manna takardarsa mai ɗauke da sunan rumfa da lambar waya, irin wadda yake manna wa komai har butar alwalarsa. Ta ga wani ɗan farin layi ya leƙo ta ƙarƙashin takardar.

Ta kai wa hannunsa duka da dukkan ƙarfinta. Yatsan ya zame, fitilun suka mutu.

"Ke mahaukaciya ta?"

Ta sa farce ta ɓare takardar. A ƙarƙashi akwai kibiya, fara, a zane a jikin robar. Gindinta yana ramin hagu, tsininta yana nuna ramin dama. Ta juyo dok ɗin ta nuna masa, ta nuna wa benci.

"Daga nan yake ɗauka. Nan yake sharewa ya zuba. Da ka ƙara numfashi ɗaya, iskar da ke cikin ledar burodinka ce za ta hau kan bikin gidan liman."

Nababa ya daɗe yana kallon kibiyar. "Waɗanda sunka ƙera shi ba su da tarbiyya," ya ce a hankali.

"Rubutunsu ma daga hagu shika farawa," in ji Malam Abdussamad, kamar dama ya faɗa tun farko.

Da hannunta ta sauya faifan. Nata a gindin kibiya, na ledar burodi a tsini. Ta duba sau uku, ta yi bisimilla, ta danne. Faifan biyu suka ɗauki wani ɗan gurnani mai daɗin ji. Fitila ta farko ta fara ƙyaftawa, kore.

Ba ta kai ga cika ba sai hadari ya taso daga gabas ya rufe rana. Na'urar solar Nababa ta fara kuka, ɗit, ɗit. Batir yana sauka. Ya ce in wuta ta yanke a tsakiya sai dai a sake daga farko.

"Kashe talabijin," in ji Mardiyya.

"Masu kallo fa?"

"Ka ce shaidu ne. Ga abin shaida nan."

Aka kashe talabijin. Kukan bai daina ba, aka kashe fanka. Bai daina ba, ta bi layin wayoyin caji ta zare su ɗaya bayan ɗaya, Nababa yana bin ta a baya yana kiran sunayen masu su kamar ana karanta mamata. Sannan na'urar ta yi shiru.

Haka mutum tara suka zauna a benci cikin zufa suna kallon fitila. Babu wanda ya tashi, domin kowa yana ganin in ya tafi, a bayansa za a nuna wani abu. Malam Abdussamad ya matso da kunnensa kusa da dok ko zai ji kiɗan ƙwarya. Masu wucewa suka ga taro suka tsaya, waɗanda suka gan su tsaye su ma suka tsaya. Wata mai fura da nono ta tambayi abin da ake kallo, aka ce mata bikin gidan liman. Ta ɗauki ƙwaryarta ta yi cikin gari da sauri fiye da yadda ta zo.

Fitila ta huɗu ta cika ana shirin kiran la'asar. Mardiyya ta kashe dok, ta zare faifan biyu suna da ɗumi, ta biya Nababa, ta haɗa komai a jaka.

"Shi ke nan?" in ji Malam Abdussamad.

"Shi ke nan, Malam. Allah ya ba da ladan shaida."

Ruwa ya tsuge tana kan babur. Ta rungume jakar a ƙarƙashin hijabi har gida. A tsakar gida ta tarar da takalma uku a bakin ɗakinta, da Inna a gefe tana yi mata alama da ido cewa ta gudu.

Hajiya Turai tana zaune a kan kujerar aiki, ƙannenta biyu a bakin gado. Ba ta amsa sallama ba.

"An ce min yau ni anka kalla a kasuwa. Tsakanin mai faci da mai taki."

"Hajiya, ba a..."

"An ce mutum ya fi ɗari. An ce Abdussamad na gaba-gaba, har da kunne ya sa. Ke, 'yar nan, na yarda da ke na cire hijabina. Kafin magariba kowane gida a garin ga zai ji cewa ba a barin ki wuce zaure."

Mardiyya ta ajiye jakar. Rantsuwa ba za ta yi aiki ba, ta gani a fuskar. Ta fito da dok ta ɗora a tebur.

"Wannan suka kalla, Hajiya. Ba ya da allo. Amma kada ki yarda da ni. Kira Malam ki tambaye shi launin gyalen da kika ci ɗamara da shi."

Hajiya ta kalle ta, ta kalli dok. Sannan ta ciro waya, ta latsa, ta buɗe murya kowa ya ji.

"Malalaci. An ce ka ga abin kallo yau."

"Fitila huɗu na gani, Hajiya." Muryarsa ta fito a gajiye. "Kore. Awa biyu. Rakena ya bushe a hannu, azahar a makare na yi ta."

"Wane irin gyale na ɗaura?"

"Ashe har gyale kika ɗaura? Hajiya, da na ga ko yatsan ƙafarki na motsi, kina zaton waya za ki same ni? Da yanzu ina ƙofar gidanki da maroƙi."

Ta katse. Ƙannenta suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Hajiya ta gyara hijabi.

"Wanga gaskiya ya faɗa, karo na farko. To, nuna."

Mardiyya ta jawo tsohuwar laftof, ta mayar da sitabilaiza wurinsa bayan ta sauke kuɓewar Inna, ta haɗa dok, ta dasa faifanta shi kaɗai. Fitila ta ce yana da rai, amma fitila ba ta san rawa ba. Laftof ɗin ta yi tunani, ta yi tunani. Ruwan sama yana dukan kwano. Sai ga sunan faifan ya bayyana a gefen tsagar gilashin. Ta shiga, ta sami bikin Humaira inda ta bar shi, ta sauke labule, ta danna.

Kiɗan ƙwarya ya cika ɗakin. Ga amarya a lulluɓe, ga 'yan mata, ga guɗa. Sai ga Hajiya Turai ta miƙe a allo tana miƙa hijabi. Hajiyar da ke kan kujera ba ta ko ƙyafta ba har minti goma sha ɗayan suka ƙare. Kowa na jiran hukunci.

"Maido baya," in ji ta.

A kallo na uku ta fara nuna wa ƙanwarta inda ta ɓata tafi. A na huɗu Inna ta shigo ta zauna a ƙasa, ta ce ita tun suna 'yan mata ta san Turai ba ta da na biyu a juyi. Mardiyya ta juye bikin a filas ta miƙa da hannu biyu. Hajiya ta ce akwai bikin 'yar ƙanwarta bayan sallah, kada ta karɓi aikin kowa a ranar. Ta miƙe za ta fita, sai idonta ya sauka a kan ɗaya faifan da ke leƙowa daga jaka.

"Wancan fa?"

"Kwafi ne, Hajiya. Don kada a sake irin ta yau."

"Wato rawata ta zama biyu, ɗaya na yawo cikin jaka." Ta miƙa hannu. "Kawo. Naki na aiki ki goge gabana gobe. Wanga ni ka ajiye shi."

Ta sa shi a jakarta ta ja zif. Daidai nan aka yi sallama daga zaure, muryar namiji, mai kauri, baƙuwa. Inna ta leƙa ta dawo ta ce da Mardiyya ake.

A zaure ta tarar da wani dogon mutum, jiƙe sharkaf, jan laka har gwiwar wandonsa. A bayansa dattawa uku na Fulani sun tsuguna jikin bango, kowanne da sandarsa a kafaɗa. Mutumin yana riƙe da ledar burodi, an ninke ta da kyau.

"Ke ce Mardiyya mai kyamara? Sunana Mainasara, daga Nasarawa Burkullu. Nababa ya ce faifaina na wurinki, ya ce kuskure anka yi, ya kuma rufe rumfa ya tafi kafin in gama tambaya." Ya share ruwa daga gemunsa. "Hotunan shanun ƙungiyarmu na ciki, kowace saniya da alamarta da sunan mai ita. An kamo waɗanda anka sace mana bara, jibi za a raba a Bukkuyum, kuma ba a ba kowa sai da hoto."

Mardiyya ta ji labulen da ke bayanta ya motsa. Ta san wadda ke tsaye a wurin, ta kuma ji ƙarar jakar da faifansa yake ciki, an ƙanƙame ta a ƙirji.

"Ba sai kin wahala ba," in ji Mainasara, ya buɗe bakin ledar ya miƙo mata. "Sa min shi nan. Mun ari babbar talabijin. A gaban ardo da jama'a duka za mu buɗe shi."